Ranar da Torika Ta Kira Kawunta da Sunansa

Kai, Peniasi, kai ka ɓata mini jika. Kai ɗin nan mai ofis a saman shagon takalma, mai ɗaure wuya da ƙyalle cikin zafin Suva kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yarinya ta zo wurinka da kunyarta da ladabinta, cikin sati shida ka maido mini da ita tana kallon tsofaffi ido cikin ido, tana matse musu hannu kamar mai tatsar kwakwa. Yanzu aikin da ta yi shekara uku tana karatu dominsa yana nan a rataye. Ran Litinin za a rufe sunayen waɗanda za a ɗauka a jirgi, kai kuwa kana can sama kana shan iskar fanka.

Ni ce Salanieta, mai sayar da vakalolo a kasuwar Suva, layi na uku idan ka shigo ta wajen tashar bas. Shekara talatin da ɗaya ina dafa rogo da madarar kwakwa ina ƙunshewa a ganye, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙunshi ɗaya. Ban yi makaranta ba. Torika ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na gaya mata idan ta rage ko kalma ɗaya zan sani, don matar fasto za ta karanta mini kafin a kawo maka.

Torika ɗiyar ɗana ce. Uwarta Mereseini, mutuniyar tsibirin Kadavu, ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, uban kuma yana can Niyu Zilan yana tsinkar tuffa. A ƙarƙashin teburina ta girma, tsakanin buhun rogo da bokitin ruwa. Sauran yara suna wasa da 'yar tsana, ita tana kwance mini rediyo. Da ta girma ta ce injin jirgin ruwa za ta karanta, na ce to. Ta gama a watan Nuwamba, ta fi mazan ajinsu, ta rubuta takardun neman aiki har biro ya ƙare. Shiru.

Sai ta ga takardarka ta koyar da dabarun neman aiki manne a jikin sandar lantarki. Ta dawo gida tana rawar jiki, tana kirana Bubu, yadda jikoki ke kiran kaka.

"Bubu, na gano abin da ke damuna. Ban san mutane ba."

"Ba ki san mutane ba? Wa ke kai wa direbobin bas abinci da safe? Wa matar limamin coci ke kira idan keken ɗinkinta ya tsaya?"

"Ba irin waɗannan ba, Bubu. Mutane masu amfani."

Kamla, mai barkono da gauta a teburin da ke kusa da nawa, ta ji wannan maganar washegari, ta ce, "Ashe shekara ashirin ina zaune nan ba ni da amfani, Sala. Daga yau idan za ki je bayi, ki nemi mai amfani ya duba miki kaya."

Ni kuwa tun tana shekarar ƙarshe a makaranta na fara saƙa tabarma. Babba, mai bakin ulu ja da rawaya, wata biyar ina kanta da yamma bayan na dawo kasuwa. Don Torika tana da kawu. Vilikesa, yayan uwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan jirage a ƙasashen waje, bara ya dawo, yanzu shi ke zaɓen matasan da ake ɗauka a jiragen da ke zuwa tsibirai. Kai ma ka sani, ko da ƙyallen wuyan ya hana jini hawa kanka: ɗiyar 'yar'uwa vasu ce, ba a hana ta komai a gidan kawunta. Ta ga kwalekwale ta nuna shi da yatsa, kwalekwale ya zama nata. Amma ba a faɗa wa mutum gida kamar kaza. Ana zuwa da saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha, da tabarma, a zauna ƙasa, babba ya yi magana a madadin yaro. Abin da nake shiryawa ke nan.

Na gaya mata. Ta ce, "Bubu, Malam Peniasi ya ce yanzu ba a neman aiki da dangi. Mutum shi ke ƙulla hulɗarsa da kansa."

"To idan kin je kin san baƙo ya ba ki aiki, wannan cancanta ce. Idan jininki ya ba ki, abin kunya ne?"

"Ba za ki gane ba, Bubu."

Ko sunan kamfanin ba ta tsaya ta ji ba. Rabonta da shi tun jana'izar uwarta. Hotonsa ɗaya muke da shi, siriri, da gashi buzu-buzu kamar kan bishiya. A gida kuma Momo Kesa, wato Kawu Kesa, kowa ke cewa.

Sati shida na sha wahalar karatunka. Na dawo kasuwa ƙafafuna a kumbure, sai ta tare ni a bakin ƙofa.

"Bubu, ki zama manajan kamfani."

"Manajan yana son shayi."

"Don Allah ki tsaya." Sai ta miƙe ƙiƙam kamar soja, ta cafke hannuna, ta zuba mini ido. "Salanieta! Na yi murnar haɗuwa da ke, Salanieta. Ni ce Torika, ƙwararriya ce ni, mai ƙwazo, mai son ci gaba..."

"Wa kika kira?"

"Haka aka ce, Bubu. Ka kira sunan mutum sau uku, ba zai manta da kai ba. Kuma ka faɗi ko kai wane ne cikin rabin minti."

"Ki sake kiran sunana sau ɗaya, ni ma ba za ki manta da ni ba."

Rabin minti, Peniasi! A ƙauyenmu a Ra, kafin mutum ya gama faɗin daga wane gida ya fito an zagaya da ƙoƙon yangona sau biyu. Wane irin mutum ne zai shiga cikin rabin minti? Sai wanda ba shi da kowa.

Ka sa ta buga kati. 'Yan ƙananan takardu masu sunanta da lambar waya da hoton farfela. Ta ba Kamla ɗaya, Kamla ta naɗe barkono a ciki. Ka sa ta sayi takalmi mai tsini, yarinyar da aikinta sauka ne cikin ɗakin inji. Kuma ban da shakka a shagon da ke ƙarƙashin ofishinka ta saya.

Sai ranar Alhamis ta makon jiya. Kamfanonin jiragen ruwa suka yi taro a wani otal a bakin teku, da ƙarfe huɗu, don su ga ɗalibai. Ka kwashi yaranka ka kai su, ka ce kowa sai ya raba kati goma kafin ya fita. Torika ta raba tara. Ta duba ko'ina, duk wanda ke tsaye an riga an ba shi kati har aljihunsa ya cika. Sai ta hango baranda. Dattawa biyar sun gaji da tsayuwa da ƙananan kofuna, sun sa an shimfiɗa musu tabarma, sun kewaye akushin yangona suna hirarsu.

Ta tambaye ka. Kada ka ce ba ta tambaye ka ba. Ta ce, "Malam, waɗancan fa?" Ka ce, "Waɗancan su ne manyan. Kada ki ji tsoro, ki shiga kai tsaye."

Ta shiga kai tsaye. Da takalmi ta taka tabarma. Ta gifta ta gaban akushi ana tsakiyar zubawa. Ba ta duƙa ba, ba ta nemi gafara ba, ta tsaya a kan kawunan dattawa biyar, inuwarta a cikin abin shansu. Ta zaɓi mafi ƙiba a cikinsu, mai sanƙo, ta karanta sunan da ke manne a ƙirjinsa.

"Vilikesa! Na yi murnar haɗuwa da kai, Vilikesa."

Ta yi rabin mintinta tsaf, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ta rufe da Vilikesa na uku, ta miƙa kati ta saman kan wani tsoho. An ce mai zuba yangona ya ƙame da ƙoƙo a hannu kamar gunki.

Mai sanƙon ya karɓi kati. Ya nemo tabarau. Ya daɗe yana dubawa.

"Wace ce mahaifiyarki, 'yata?"

"Mereseini, daga Kadavu. Ta rasu."

"To. Wa ya koya miki wannan gaisuwar?"

Ta nuna ka da alfahari. Kai kuma daga can ka ɗaga mata babban yatsa.

Ya ce, "Idan kin koma gida ki gaida Bubunki. Ki ce mata Vilikesa, Vilikesa, Vilikesa yana gaishe ta."

Ta dawo gida tana tsalle, takalman a hannu. "Bubu, yana aiki! Har ya haddace! Kuma wai ya san ki." Da ta isar da saƙon, ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin tukunya. Na ce ta kwatanta mini shi. Ta kwatanta. Na je na ciro hoton daga bango na ce ta cire gashin ta ƙara buhu biyu na rogo. Ta duba, ta duba, sai ta zauna a ƙasa. Tunda ta fara karatunka ranar ce na fara ganin ta zauna kamar 'yar mutane.

Kafin in kai kasuwa ran Juma'a labarin ya riga ni. Mai wanke kofuna a otal ɗin ƙanwar mai sayar da abarba ce. Ina ajiye kaya Kamla ta miƙe tsaye, ta miƙo hannu.

"Salanieta, Salanieta, Salanieta! Ni ce Kamla, ƙwararriya a barkono."

Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Har mai turin baro ya zo ya ba ni kwalin sigari wai katinsa ne.

Ran Asabar na rufe tebur da tsakar rana, abin da ban yi ba tun ranar da aka binne mijina. Na sayi saiwar yangona mafi kauri a kasuwa, na naɗe tabarmar da na saƙa don roƙon aiki, ta koma ta neman gafara. Na sa Torika ta ɗaura zane har idon sawu, muka hau bas zuwa garin Lami, gidan kawun nata.

Mun tarar da shi a baranda tare da biyu daga cikin dattawan ranar. Muka tuɓe takalma tun daga bakin hanya, muka shiga a duƙe, muka zauna can ƙarshen tabarma. Na ajiye saiwar a gabansa na yi maganar da ake yi. Ban yi ta cikin rabin minti ba. Na fara daga kakan kakan Torika na gangaro, na faɗi laifinmu ɗaya bayan ɗaya, da takalmin, da inuwar, da sunan. Torika kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zane.

Ya bar mu muka jira. Sannan ya ɗora hannu a kan saiwar, ya tafa, ya karɓa. An yafe ke nan.

Ka san mu mutanen Ra da na Kadavu abokan wasa ne tun kakanni. Yana gama karɓa ya gyara zama ya ce, "Dama na faɗa wa Mereseini, kada ta auri mutumin Ra. Ga shi kun rainar mini 'ya kamar ɗan sandan hanya."

Na ce, "Da ka riƙa zuwa kana duba ta, da ta gane ka. Wa zai gane ka yanzu? Gashin ka bar shi a wace tashar jirgi?"

"A inda kika bar haƙoranki, tsohuwa."

"Ni haƙora biyu na rasa. Kai ƙafafunka ma ka daina gani."

Dattawan suka yi dariya har ɗaya ya ƙware. Sai ya juya wurin Torika, muryarsa ta sauka.

"Ɗago kanki, 'yata. Da kika tsaya a kaina ran nan, kafin in karanta katin na san ke ce. Haka uwarki ke tsayawa idan za ta ƙwace mini kifi."

"Ka yafe mini, Momo."

"Au, yau Momo ne? Na fara sabawa da Vilikesa."

Akwai injin kwalekwale jingine a gindin bishiyar mangwaro. Ya ce wata biyu yana tari, makanikai biyu sun duba sun ci kuɗinsa sun tafi. Ya sa aka tayar. Torika ta karkata kai ta saurara, hawayen ma bai bushe ba, ta ce ruwa ne ke shiga mai, ta faɗi ta inda yake shiga. Ta nemi gafara, ta bi ta bayan mutane a duƙe, ta tattare zane, ta karɓi sufana. Kafin a zagayo da ƙoƙo na uku injin yana kuka lafiya lau. Ba ta ce ita ƙwararriya ce ba. Ba wanda ya tambaya.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kyaftin, wannan ai ta ɗakin inji ce."

Na ce a raina an gama. Ashe da saura.

Vilikesa ya ce, "Sakamakonta yana kan teburina tun Disamba, Sala. Na ga sunan na gane, ina ta jira ku zo. Ke vasu ce, Torika. Da kin shigo gidan nan kin nuna jirgin kansa, da sai in san yadda zan yi da masu kamfani. Ni na yafe. Amma ba ni kaɗai ke sa hannu ba, mu uku ne, kuma ba kaina kaɗai aka tsaya ba. Wannan da kike gani, ta saman kansa kika miƙo kati, kuma sarki ne a garinsu."

Tsohon ya shafa kansa kamar har yanzu katin na wurin.

Ya ce, "Ni yarinya ba ta yi mini laifi ba. Abin da aka koya mata ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Malamin nake son gani. Mai babban yatsa. Yana da yara ashirin a hannunsa, duk haka za su riƙa tsallake mu? Ya zo nan Asabar mai zuwa, ƙarfe uku. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya faɗa mana ko shi wane ne. Mun ba shi rabin minti. Idan ya sha ƙoƙo ɗaya da mu, ran Litinin zan sa hannu. Idan bai zo ba, birona ya ɓace."

Suna dariya ya faɗa. Amma na san tsofaffin nan, Peniasi. Da dariya suke yin abin da ba sa janyewa.

Ran Litinin na hau benenka. Matakala ashirin da biyu, da gwiwoyin nan nawa. Yarinyar da ke tebur ta ce kana ganawa, ta ba ni kati. Ran Talata na sake hawa, ta ce ka fita, alhali ina ganin takalmanka ta ƙarƙashin ƙofa. Ta sake ba ni kati. Ran Laraba ka aiko ta ta ce mini wai wannan maganar al'ada ce, ba ta cikin abin da kake koyarwa, wai in kira lambar da ke jiki a sa mini rana. Kati na uku ke nan. Suna nan cikin gwangwanin da nake ajiye allura. Kai mai koya wa yara su shiga kai tsaye, tsohuwa ɗaya mai kwando ta sa ka kulle ƙofa.

Da na sauko ran Laraba na ce bari ni ma in gwada sanin mutane, irin na marasa amfani. Na tambayi Kamla. Kamla ta tambayi direban bas ɗin Nausori. Direban ya tambayi matarsa. Kafin rogona ya dahu na san ko kai wane ne, ba kati, ba takalmi mai tsini. Kai ɗan Akanisi ne, mai ƙaguwa a kasuwar Nausori, wadda ke zama kusa da famfo. Na san ta. Tare muka yi waƙa a taron matan coci shekara ashirin da biyar da suka wuce, lokacin kai kana maƙale da zanenta kana kuka don an hana ka ƙanƙara. An ce mini har yanzu duk Lahadi kana zuwa cin abinci, kuma a gidanta ba ka ɗaure wuya, kana zama a ƙasa kamar kowa, kana duƙawa idan za ka gifta. Ashe ka sani. Ka san komai, ka ajiye naka ladabin a gida, ka tura 'ya'yan mutane su taka tabarma.

Ban je wurinta ba tukuna. Na ba ka wannan mutuncin.

Ba na cewa duk abin da ka koya mata banza ne. Da ba ta iya buɗe baki a gaban maza, yanzu tana iyawa, har ta yi yawa. Katin ma da shi kawunta ya tabbatar da sunanta. Amma kai ka ce ta shiga, kai ka ɗaga yatsa, kuma aikin yarinyar nan yanzu yana jiran ƙoƙo ɗaya ne a bakinka.

Yau Alhamis. Jibi Asabar, ƙarfe biyu, ina tashar bas ɗin Lami da kwandona. Ka zo da saiwar yangona, kada ka sayi siririya, zan duba. Ka sa zane, ka bar ƙyallen wuyan a ofis, ka sa safa marar huda tunda za ka tuɓe takalmi. A cikin bas zan koya maka abin da za ka faɗa, kyauta, ka fara da sunan uwarka da garinku.

Idan biyu da kwata ta yi ban gan ka ba, ba Lami zan nufa ba, Nausori zan nufa. Zan tsaya a gaban teburin ƙaguwa in kira Akanisi sau uku, sannan mu biyu mu hau matakalan nan ashirin da biyu. Ka zaɓa, Peniasi: ko ka amsa a gaban dattawa uku, ko ka amsa a gaban uwarka. Amma sai ka amsa kafin Litinin.